Kafin a Sayi Maganin Ƙarin Jini a Aziziyya

Duk alhajin da ya ji an ce Aziziyya, Makka ce ke fara faɗo masa a rai, inda masaukai suke jere a kan hanyar Mina. Amma Jidda ma tana da tata Aziziyyar, unguwar 'yan ci-rani a tsakiyar gari, inda Bafakistane da Ba'indiye da Bamisire da Basudane da Bahaushe ke haɗa sahu a masallaci ɗaya, su kuma bi layi a mustausaf ɗaya, wato ƙaramin asibiti. A ƙananan asibitocin da ke titin Arba'in da kewayensa, gwajin jini ya zama ruwan dare. Mai neman igama, wato takardar izinin zama, sai ya yi, mai juna biyu sai ta yi, wanda ya je da ciwon kai ma sau da yawa likita zai ce masa a fara da tahalil, wato gwaji. A ɗebi jini bayan Azahar, kafin Isha'i sakamako ya shigo waya.

Takardar layi-layi ce, kusan ashirin, da haruffan boko: WBC, RBC, HGB, HCT, MCV, MCH, RDW, PLT. Gaban kowanne akwai lambar da na'ura ta samu, sai wasu lambobi biyu da ke nuna iyakar ƙasa da ta sama. Duk wadda ta ɗan gota iyaka, ko da ɗigo biyu ne, sai a buga ta da ja, ko a liƙa mata harafin L ko H. Nan ne hankali ke tashi. Kafin a koma wurin likita an riga an ɗauki hoton takardar an jefa ta zauren WhatsApp na dangi, ta je Fagge, ta je Maraɗi, ta dawo. Wata ta ce a dage da zoɓo, wata ta ce karan dafi, wani ya ce lemon malt da madarar gwangwani, wani kuma ya ce ai ba komai, kowa ma haka yake. Washegari mai takardar yana tsaye gaban kantar saidaliyya, wato shagon magani, yana cewa a ba shi maganin ƙarin jini mai kyau, komai tsadarsa.

Mai firgita da mai cewa ba komai, duk sun tsallake tambaya guda: me ya jawo? Ƙarancin jini alama ce ta wani abu da ke gudana a jiki. Lamba ɗaya, a ce 11.6, tana iya zama gado marar cutarwa a jikin saurayi, ta zama yunwar sinadarin ƙarfe a jikin matar da ke goyo, ta kuma zama shaidar farko ta ciwon daji a jikin dattijo. Kwalba ɗaya daga saidaliyya ba za ta amsa wa mutum ukun nan ba.

Da kyau a fara sanin inda iyakokin nan biyu suka fito. Ana tara mutane masu lafiya a auna su, a jera sakamakonsu daga ƙarami zuwa babba, sannan a ɗebi kashi 95 cikin ɗari na tsakiya a ce shi ne daidai. Tun daga tushe ke nan an amince cewa mutum ɗaya cikin ashirin masu ƙoshin lafiya zai faɗo waje a kowane awo. Takarda mai layi ashirin, don an ga ja ɗaya ko biyu a cikinta, ba abin ɗora hannu a ka ba ne. Ƙari a kan haka, iyakar da wannan ɗakin gwaji ya buga tana iya ɗan bambanta da ta na gaba da shi.

Sai batun ma'auni, wanda ke rikita baƙi da yawa. A Kano ko Katsina abin da aka saba ji daga bakin malamin asibiti shi ne PCV: "Jininta talatin da uku ne." A takardar Jidda wannan awon shi ne HCT, amma likitoci sun fi zuba ido a kan HGB, wato himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. PCV yakan ninka HGB kusan sau uku. Matar da ta saba jin talatin da uku a gida, ta ga 11 a nan, kada ta ɗauka jininta ya ƙare a hanya. Magana ɗaya ce. Wasu ɗakunan gwajin kuma 110 suke rubutawa maimakon 11.0, saboda da lita suke lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja layinta tun 1968: ƙasa da 13 ga namiji baligi, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. A 2024 ta sake nazari, ta bar na maza da mata yadda yake, amma ta sauke na mai ciki a watanni uku na tsakiya zuwa 10.5, haka ma na yara daga wata shida zuwa wata 23. Dalilin sassauta wa mai ciki shi ne ruwan jininta yana ƙaruwa fiye da ƙwayoyin, sai jinin ya tsinke, lambar ta sauka ba tare da wata cuta ba.

Lambar kuma tana motsi da yanayi. Direban da ya wuni cikin zafin Jidda bai sha ruwa ba, ko mai azumin da aka ɗebi jininsa da La'asar, jininsa ya yi kauri, lambar za ta ɗan ɗaga. Mazaunin Ɗa'if, wadda ke kan tsauni da tsayin kusan mita 1,800, jikinsa yana ƙera jajayen ƙwayoyi fiye da na mazaunin bakin teku. Hayaƙin taba da na shisha ma suna ɗaga ta. Matashin da ke zuƙar shisha kullum dare, ya ga 13.2 ya ce ya tsallake, ta yiwu hayaƙi ne ya rufa masa asiri.

Akwai layin da ya fi kowanne tayar wa Bahaushe hankali a banza, kuma ba na jajayen ƙwayoyi ba ne. Na fararen ne, musamman nau'in da ake kira nutrofil, masu fara tarar ƙwayoyin cuta idan sun shigo jiki. Sau da yawa mutum lafiyayye, bai yi zazzaɓi ba, bai rame ba, sai ya ga WBC 3.4 da ja, nutrofil 1,400 da ja. A sake gwaji bayan mako biyu, haka. A sake bayan wata, haka. Daga nan sai a fara zancen garkuwar jiki da ɓargo, mutum ya kasa barci.

Amsar tana cikin tarihin sauro. A jikin jar ƙwayar jini akwai wani sinadari da aka gano a 1950 aka raɗa masa suna Duffy. Fiye da tara cikin goma na mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu. A tsakiyar shekarun 1970 Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa nau'in maleriya mai suna bibaks ta wannan sinadarin take shiga ƙwayar jini, shi ya sa ta yi ƙaranci a ƙasashenmu alhali ta addabi Indiya da Fakistan. Wannan gadon shi ne kuma ke sa adadin nutrofil da ke yawo a jijiya ya yi ƙasa da na Bature. Ɓargon yana aikinsa lafiya lau, kuma bincike bai nuna masu wannan gado sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Larabawan wannan yanki da dama ma suna da wannan gado. Matsalar ita ce iyakokin da aka daɗe ana bugawa a littattafan likitanci, akasari daga jinin Turawa aka samo su. An sha huda ƙashin mutane a ɗebi ɓargo a kan wannan, an sha jinkirta wa masu ciwon daji maganinsu wai fararen ƙwayoyinsu ba su isa ba. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta tashi tsaye a 'yan shekarun nan tana kira da a gyara wannan ma'auni.

Saboda haka Bahaushen da ya ga wannan ja, ya gaya wa likita a fili cewa asalinsa Afirka ta Yamma ne, ko da a Jidda aka haifi kakansa, ya kuma tambaya ko za a duba masa rukunin Duffy, gwajin da ma'ajiyar jini ta manyan asibitoci ke yi. Amma kada wannan ya zama mafaka. Idan akwai zazzaɓi mai dawowa, ko gyambon baki, ko adadin ya faɗi ƙasa da 1,000, ko kuma jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma sun sauka tare, to zancen ya wuce gado, sai likitan jini.

A koma kan jajayen. Idan HGB ya yi ƙasa, layin da ya kamata ido ya sauka a kansa shi ne MCV, mai nuna girman kowace ƙwaya. Daga 80 zuwa 100 shi ne tsaka-tsaki. Idan ya yi ƙasa da 80, ƙwayoyin sun ƙanƙance, kuma abu biyu ne suka fi jawo haka a cikin jama'armu: ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda aka fi sani da ayon, ko kuma gadon talasimiya. A takarda kamanninsu ɗaya. A magani kuwa hannun riga ne.

Abin da ke raba gardama gwaji ne da ba ya cikin waccan takarda, sai an nema daban, sunansa feritin. Himogulobin tuwon da ke cikin akushi ne, feritin kuwa hatsin da ke rumbu. Akushi yana iya zuwa a cike yau alhali rumbu ya kusa ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce feritin ƙasa da 15 a jikin baligi ƙarewar ajiya ce, likitoci da yawa kuma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. Sai dai yakan hau na ƙarya idan akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, don haka ba a auna shi ana tsakiyar jinya a gamsu.

Idan feritin ya fito a cike, ƙwayoyi ƙanana, adadinsu a layin RBC kuma da yawa, to hankali ya koma kan talasimiya. Akwai wani ɗan lissafi da likitan yara William Mentzer ya kawo a 1973: a raba MCV da RBC, idan amsar ta gaza 13 an fi zaton talasimiya, idan ta haura an fi zaton ayon. Manuniya ce kawai, hukunci na gwaji ne. Saudiyya ta san wannan cuta sosai. Tun 2004 ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin sikila da talasimiya kafin aure, a 2008 ta ƙara da na ƙanjamau da ciwon hanta. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma akwai abin da gwajin jinotayif na yau da kullum ba ya kamawa a jikin baligi, wato talasimiya nau'in alfa, wanda ya yaɗu a Afirka ta Yamma da gabashin Saudiyya. Mutum zai riƙe takardar da ta ce AA, ga MCV ɗinsa 74 tun yana yaro, zai kuma mutu da tsufa a kan 74 ɗin ba tare da ya cutar da shi ba. Abin da zai cutar da shi shi ne shekarun da zai yi yana haɗiyar ayon don ya goge jan da ba ya goguwa. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon. A hanta yake taruwa. Nau'in beta kuwa, wanda ake ganewa idan awon jini mai suna HbA2 ya haura 3.5, yana da nauyi wajen aure, domin idan ya haɗu da S na abokin zama ana iya haifar ɗa mai ciwon sikila.

Wani kuskure da ya zama jiki: "Ai ni AS ce, dole jinina ya yi ƙasa." A'a. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma AS shi kaɗai ba ya rage jini. Mai AS da ta ga 10.5, akwai wani dalili, a neme shi.

Ga mata kuwa, sau da yawa dalilin ayon ne, kuma a nan laifin ya fi karkata ga masu cewa ba komai. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A duniya baki ɗaya, kusan kashi 30 ne na mata. Ke nan mata da yawa da ke sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz sun taho da abinsu tun daga gida. Abin da ya yi yawa haka sai a daina ganinsa a matsayin cuta. Mace tana hawa bene tana haki, tana share falo tana jiri, gashinta na zuba, farcenta na karyewa, zuciyarta na bugawa da ta ɗan yi sauri, sai a ce ragwanci ne ko kewar gida. Wata za ka gan ta tana buɗe firiza tana tauna ƙanƙara garas-garas, wata tana aikawa a kawo mata farar ƙasa daga Kano. Wannan kwaɗayin na ƙanƙara da ƙasa sananniyar alama ce ta ƙarancin ayon, kuma yakan ɗauke cikin 'yan kwanaki ko makonni da fara magani. Irin wannan mace, ko HGB ɗinta ya nuna 12.1 babu ja, tana da haƙƙin a auna mata feritin.

Tambayar da kunya ke hanawa ita ce ta al'ada. Kwana nawa take yi? Tana zuwa da gudaji? Ana canza ƙunzugu kowace sa'a ɗaya ko biyu? Ƙarin mahaifa ya fi yawa a cikin matan Afirka, kuma yana cikin manyan masu jawo zubar jini mai yawa. Macen da ba za ta iya faɗa wa likita namiji ba, ta nemi likita mace, suna nan da yawa. Shan ayon ba tare da tsayar da zubar ba, wahalar da kai ce da asarar riyal.

A dubi karin kumallon unguwar. Tamis mai zafi daga tanda, ful da man zaitun a kai, ga kofin shayi baƙi wuluk ana kurɓa tsakanin loma da loma. Ful yana da ayon daidai gwargwado, amma shayin da ke raka shi yana ɗaure ayon ɗin a cikin hanji ya hana a tsotse shi. Tun 1975 wasu likitoci a Johannesburg suka auna wannan suka tabbatar. Ba wanda ya ce a bar shayi. A ba shi tazarar sa'a guda bayan abinci, a matsa lemon tsami a kan ful, a haɗa da tumatir. Ayon ɗin hanta da jan nama da kifi ya fi saurin shiga jiki fiye da na wake da zogale da alayyafo, ko da yake su ma suna taimakawa. Jan zoɓo launi ne, ba jini ba. Lemon malt sukari ya fi yawa a cikinsa, madara kuwa ba ta da ayon na kirki, sinadarin ƙashin da ke cikinta ma rage tsotsar ayon yake yi. Yaron da ya wuce shekara ɗaya yana wuni da kwalbar madarar shanu a baki ya ƙi abinci, yana cikin waɗanda aka fi samu da ƙarancin jini.

Idan an tabbatar ayon ne, maganin yana da arha kuma yana aiki, matuƙar an bi shi. Cikin mako biyu zuwa huɗu ya kamata lambar ta fara ɗagawa da kusan maki ɗaya ko fiye. Idan ba ta motsa ba, a koma, akwai abin da ba a gano ba. Idan ta dawo daidai, ba a nan ake tsayawa ba, sai an ƙara kamar wata uku don ajiya ta cika, kuma a nan ne mafi yawa ke yasar da magani. Bayan gida zai yi duhu, ciki yana iya ɗaurewa. Wani bincike da aka yi a Zurich aka buga a 2017 ya nuna cewa shan ƙwaya ɗaya yau a tsallake gobe yana sa hanji ya fi tsotsa, don haka wadda maganin ke wahalarwa ta tambayi likita wannan tsari maimakon ta daina. A kuma ɗora kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin ayon mai yawa guba ne mai kisa ga ƙaramin yaro.

Sauran hanyoyin a taƙaice. MCV sama da 100 yakan nuna ƙarancin bitamin B12 ko folik, ko ciwon hanta. Mai ciwon suga da ya shekara da shekaru yana shan metfomin, ko mai shan maganin rage tsamin ciki kullum, B12 ɗinsa yana iya sauka, ƙafafunsa su riƙa dindiris a ɗora wa suga laifi. Ƙwayoyi masu girma daidai amma jini ya yi ƙasa, a duba ƙoda, domin ita ke aika wa ɓargo umarnin ƙera jini. Layin PLT, na ƙwayoyin daskarar da jini, iyakarsa daga 150 zuwa 450. Ganin 140 a jikin mai lafiya yawanci maimaita gwaji kawai yake buƙata, wani lokaci ma a cikin kwalbar gwajin suke dunƙulewa na'ura ta ƙirga su ba daidai ba. Amma 140 tare da zazzaɓi wata magana ce a wannan gari. Tun 1994 aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Jidda kuma bai tafi ba. Mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido ya guji asfirin da ibuprofen, ya je asibiti. Wanda kuma bai daɗe da dawowa daga hutu a Najeriya ko Nijar ba, ya faɗa da bakinsa a auna masa maleriya, domin likitan da bai saba ganinta ba zai iya mantawa da ita. Yaron da ya ci ful, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ɗashe, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, a garzaya da shi: alamar gadon ƙarancin G6PD ce, wanda kafur ɗin cikin kaya da lalle a jikin jariri ma ke tayarwa.

Duk wannan yana buƙatar likita mai lokaci da majinyaci mai ƙarfin halin tambaya, kuma su biyun suna wuya. Ma'aikacin kamfani yana da inshora bisa doka. Amma akwai 'yan'uwa da yawa da takardunsu ba su cika ba, ko suke biya daga aljihu, waɗanda saidaliyya ta fi musu sauƙi da kwanciyar hankali fiye da asibiti. Ba a zarge su ba. Sai dai kuɗin kwalabe uku na maganin da ba a san dalilinsa ba, gara a tara su a yi gwajin da zai faɗi gaskiya. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 a tsoffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil ya raba iyalai da yawa da asibitocin da suka san tarihinsu. Wanda ya koma sabuwar unguwa, tsohuwar takardar gwajinsa ita ce tarihinsa, domin 12.5 da ta tsaya cak shekara biyar daban take da 12.5 da ta gangaro daga 15 cikin shekara guda. A ɗauki hoton kowace takarda a adana a waya. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da mai yi masa tafinta. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana da layin 937 da ake samun shawarar likita a kansa dare da rana. Likitocin mustausaf su ma a ji tsoron Allah: minti biyu na bayani ya fi rubuta "fitamin" a sallami mutum.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari a wannan lamari shi ne wanda ya fi kowa raina shi, wato magidanci. Namiji ba ya al'ada, ba ya haihuwa, ba ya shayarwa. Haka ma uwar da al'adarta ta ɗauke. Idan ayon ɗinsu ya ƙare, to da wuya abinci ne kaɗai, akwai inda jini ke yoyo, kuma mafi yawa a ciki ne ko a hanji. Lissafin mai sauƙi ne: kowane mililita biyu na jini yana tafiya da kusan miligiram ɗaya na ayon, alhali abin da hanji ya saba tsotsa a yini bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu ba. Cokalin shayi guda na jini da ke ɓacewa kullum cikin bayan gida, wanda ido ba ya gani, ya isa ya kwashe ajiyar mutum a hankali. Gyambon ciki yana yin haka. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak, da direbobi da masu ɗaukar kaya ke sha don ciwon baya, suna yin haka. Tsutsar ciki da tsargiyar da aka taho da su daga gida suna yin haka. Ƙaho abu ne mai daraja a addini da al'ada, amma jini yake ɗiba, kuma mai yinsa kowane wata alhali jininsa yana ƙasa ya dakata, ya gaya wa likita.

Sai kuma abin da ba a son ambata. A kundin ƙididdigar ciwon daji na Saudiyya, na babban hanji shi ne na ɗaya a cikin maza. Yakan shekara yana zubar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba, kuma sau da yawa shaidarsa ta farko ita ce 12.2 a takardar mutumin da bara yake 14. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya ta 2021 ta ce duk namiji, da duk macen da ta daina al'ada, idan aka tabbatar ƙarancin jininsu na ayon ne, a leƙa tumbinsu da hanjinsu da na'urar hange. Idan aka kama wannan ciwo da wuri, tiyata tana raba mutum da shi. Mugun abin da maganin ƙarin jini ke yi a nan shi ne yana aiki: lambar ta ɗaga, jan ya goge, Baba ya ce ya warke, ciwon kuma ya samu ƙarin wata shida ko shekara yana girma.

"Ai basir ne," in ji Baba. "Tsufa ne." Ta yiwu basir ɗin ne, amma ba a ɗora masa laifi sai an duba an ga babu wani abu a sama da shi, kuma tsufa shi kaɗai ba ya cinye ayon. Idan har akwai haki a zaune, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai ƙarni alhali ba a shan ayon, ba a jiran wayewar gari. Ɗa ko 'yar da ta ga lambar mahaifinta ko mahaifiyarta tana gangarowa daga takarda zuwa takarda, kada ta saya musu kwalba ta ce ta yi zumunci. Ta ɗauki takardun duka, ta raka su asibiti a cikin makon nan, ta ce wa likita a auna feritin, idan ya yi ƙasa kuma a nemo inda jinin ke fita.